Ƙawar Tsofaffin Littattafan Hikaya Masu Zane

A sashenmu na Hausa, in aka ce littafi ya yi kyau, abin da ake nufi bai wuce jigo da salo da zubi da tsari ba. Haka aka koya mana, haka kuma muke amsawa ran jarrabawa. Ban taɓa jin an tambayi ɗalibi ya faɗi albarkacin bakinsa game da hoton da ke tsakiyar shafi ba, ko da kuwa hoton nan shi ne abin da ya fara riƙe masa ido tun yana aji uku na firamare. To, ni yau a kan wannan abu da aka bari a baya nake so in ɗan yi tsokaci, watau zane-zanen da ke cikin tsofaffin littattafan hikayoyin dabbobi, musamman littafin nan Kalila wa Dimna da 'yan'uwansa na ƙasashen Turai. Ni ba mai zane ba ne, ko da'ira ba na iya zagayawa sai na ɗora murfin kwalba. Saboda haka abin da zan faɗa ra'ayin mai kallo ne, malamaina su gyara inda ya karkace.

Sai mu fara da asalin littafin, domin wanda bai san shi ba. Tushensa ƙasar Indiya ne, daga wani littafi da ake kira Pancatantara, wanda aka rubuta cikin harshen Sanskirit. A ƙarni na 6, zamanin sarkin Farisa Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, wani likitan fada mai suna Barzawaihi ya kawo hikayoyin Farisa ya juya su cikin harshensu na wancan lokaci. Wajen shekarar 750 kuma Abdullahi Ibnul Muƙaffa, wani magatakarda Bafarishe da ya ƙware da Larabci ƙwarai da gaske, ya mai da su Larabci. Wannan fassara tasa ita ce ta zama uwa. Daga gare ta aka yi ta Farisancin baya wajen 1144, aka yi ta harshen mutanen Sifen a 1251, aka yi ta Yahudanci da Latin da Jamusanci, har abin ya game duniya. Kalila da Dimna kuwa sunayen diloli ne guda biyu da ke zaune a ƙofar fadar zaki. Ka ga ashe ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi wa dila shaidar wayo ba.

Zubin littafin shi ne wani sarki, Dabshalim, yana tambayar wani masani, Baidaba, shi kuwa yana ba shi amsa da labarin dabbobi. Cikin labarin sai wata dabba ta kawo wa 'yar'uwarta wani labarin don ta ja mata kunne, cikin wannan ma sai a sami wani, kamar dai ƙwarya cikin ƙwarya. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san wannan zubi, kuma masu nazarin Alhaji Abubakar Imam sun nuna cewa Kalila wa Dimna na cikin rijiyoyin da ya ɗebi ruwa a lokacin da yake rubuta littattafan nan uku a Zariya cikin shekarun 1930. Don haka littafin ba baƙo ba ne a gare mu, ko da mun san shi da wata riga.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, tun farko ba a ƙaddara wannan littafi zai zauna ba zane ba. A ƙarshen gabatarwar da ke cikin bugu da yawa na Larabcin, an zayyana manufofin littafin guda huɗu. Ta farko, a sa dabbobi magana don a jawo hankalin samari masu son wasa. Ta biyu, a fito da siffofin dabbobin da launi iri iri don su faranta zukatan sarakuna. Ta uku, sarki da talaka duk su so mallakarsa, a yi ta kwafarsa kada ya ɓace, mai zane da mai kwafa su ma su sami na tuwo. Ta huɗu ita ce aka keɓe wa masu zurfin tunani. Mai karatu ya duba da kyau: biyu daga cikin huɗun nan a kan zane suka tsaya. Wanda ya tsara wannan magana ya san halin ɗan Adam. Ya san nasiha tsurarta ɗaci gare ta, ba mai ajiye ta a ɗaka shekara ɗari, amma abu mai kyan gani ana gadonsa, ana kuwa hana yara taɓa shi da hannun miya.

Kwafin da aka yi a zamanin Ibnul Muƙaffa kansa bai iso gare mu ba. Daga cikin mafi tsufa masu zane da suka rage akwai wanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris, mai lamba Arabe 3465, wanda masana suka ce an yi shi wajen 1220 a Sham ko Masar, yana ɗauke da zane kusan ɗari. Akwai kuma wani a ɗakin karatu na Bodleian a Oksfod ta Ingila, wanda aka gama rubutawa a 1354, zamanin Mamluka. Ana kiransa Pococke 400, da sunan wani limamin Kirista Bature da ya zauna a Halab daga 1630 zuwa 1636 yana sayen littattafan Larabci, daga baya ya zama shehun malamin Larabci na farko a kujerar da aka kafa a Oksfod. Ba sai na ce komai ba game da yadda littattafan Gabas suka ƙare a ɗakunan ajiyar Yamma, wannan zance ne na wata rana. Abin da ya sauƙaƙa mana dai shi ne an ɗauki hoton shafuffukan an sa a intanet. Ni a wayata na gan su, a ɗakin kwananmu na ɗalibai, da daddare lokacin da layi ya ɗan saki, ina buɗa hoto da yatsu biyu har sai zaren takardar ya fito, abokin ɗakina yana tambayata ko wasan yara na koma.

Kafin wannan, Kalila wa Dimna da na sani shi ne na wani kawuna, bugun Beirut mai rawayar takarda irin wanda ake sayarwa a rumfunan littattafai na Kasuwar Kurmi. Akwai 'yan hotuna baƙi da fari a ciki, amma tawadar ta cika, har ba ka bambanta zaki da tunkiya sai ka karanta abin da aka rubuta a ƙasa. Da na ga na Paris sai na gane abin da Hausawa ke nufi da gani ya kori ji.

Bari in kwatanta shafi ɗaya. Diloli biyu ne suna fuskantar juna, launinsu ya bambanta don kada ka rikice, tsakaninsu wani ɗan tsiro da bai yi kama da kowane tsiro na daji ba, ya fi kama da adon da ake yi a gefen riga. Ƙarƙashinsu ɗan layin ciyawa. Shi ke nan. Babu dutse, babu gajimare, babu nesa babu kusa, farar takarda ce kawai a bayansu, rubutun Larabci sama da ƙasa. Amma ka dubi yadda suka miƙa wuya, da yadda baki ya ɗan buɗe, da yadda kunnuwa suka tsaya, ka san magana ake yi, kuma ba gaisuwa ba ce. Mai zanen bai sa musu riga ko rawani ba, bai tsai da su da ƙafa biyu ba. Ya bar su dilolinsu, sa'an nan ya ɗora musu zaman fadawa. Haka ya yi wa sarkin hankaki da mashawartansa: tsuntsaye ne sosai, baki da fiffike, amma jeruwar da suka yi gaban babbansu, duk wanda ya taɓa leƙa fada da safe ya san ta.

A nan ne na ga gwaninta ta farko. Hikayar dabbobi tana tafiya ne a kan siraɗi. In dabbar ta cika zama dabba, labarin ya mutu, don ba ruwanmu da abin da dila ke yi a daji. In kuwa ta cika zama mutum, sutura ta yaye, gugar zana ta koma zagi ƙiri ƙiri, mai labari kuwa ya shiga uku. Kada mu manta waɗannan labarai ne da ake faɗa wa masu mulki abin da ba a iya faɗa musu kai tsaye: cewa zaki yana da ƙarfi amma kunnensa na hannun mai tsegumi, cewa bafade ɗaya na iya sa sarki ya kashe amininsa, kamar yadda Dimna ya shiga tsakanin zaki da sa har jini ya zuba. Shi kansa Ibnul Muƙaffa bai tsira ba, kashe shi aka yi a Basra zamanin Halifa Mansur, kafin shekarar 760. Saboda haka mai zanen da ya ƙi sa wa zaki rawani ya fahimci littafin sarai. Ya bar wa sarkin da ke kallo ƙofar da zai ce ai zaki ake nufi, ya kuma bar wa talaka tagar da zai gane wanda ake nufi.

Gwaninta ta biyu ita ce ta fi cin raina, kuma a kanta nake so in daɗe. Mai ba da labari yana da lokaci a hannunsa, yana iya cewa ana nan ana nan, ya wuce shekara bakwai da numfashi ɗaya. Mai zane ba shi da wannan. Cikin labarin duka ƙiftawar ido ɗaya tak aka ba shi, sai ya zaɓa. Wannan zaɓi kuwa shi ne sharhinsa a kan labarin, kamar yadda malami ke zaɓen kalmar da zai tsaya a kai in yana ba da karatu a zaure.

Mu ɗauki labarin kunkuru da agwagi biyu. (In za a bi ƙa'ida kififiya ya kamata in ce, tun da a ruwa take zaune, amma bari mu bar shi a kunkuru, shi muka fi sabawa da shi.) Tafkin da suke zaune ya ƙafe, agwagin za su tashi, kunkuru ya roƙe su kada su bar shi. Suka kawo sanda, kowace ta kama gefe ɗaya, shi ya ciji tsakiya, bisa sharaɗin ba zai buɗe baki ba ko me ya ji. Suka tashi sama. Mutanen gari suka hango su suka yi ta mamaki suna surutu, kunkuru ya kasa haƙuri ya buɗe baki zai mai da martani, ya faɗo ya farfashe. Bahaushe ya riga ya gama maganar da ya ce baki shi ke yanka wuya.

To, wane wuri mai zane zai kama? Yana iya zana tafkin da ya ƙafe. Yana iya zana ɓawon kunkuru a warwatse a ƙasa, wanda shi ne darasin. Amma a yawancin zanen wannan labari da na gani, na Larabawa da na Farisawa da na Turawa, wuri ɗaya suka kama: agwagi sun buɗe fiffike, sanda a miƙe, kunkuru na reto a tsakiya, mutane a ƙasa sun ɗaga kai suna nuni da yatsa. Bakinsa a rufe yake tukuna. Bai faɗo ba. Kai mai kallo ka san abin da zai faru, shi bai sani ba, sai ka ji kamar ka yi masa tsawa ka ce ya daure. Shekara ɗaruruwa ke nan yana rataye a wurin, duk wanda ya buɗe shafin sai ya same shi yana gab da yin wautar da bai yi ba tukuna. A ganina wannan ya fi hoton gawa aiki a zuciya nesa ba kusa ba, domin gawa ta wani ce, amma wannan ɗan lokaci da magana ta zo maka iya wuya kana kokawa da ita, kowa ya san shi. Ni na san shi a taron ƙungiya, na san shi a gaban manya.

Haka abin yake a labarin zomo da zaki. Zomo ya kai zaki bakin rijiya ya ce ga wani zakin can ciki da ya ƙwace abincinka. Masu zanen Larabawa sukan tsaga rijiyar gida biyu kamar an yanka kabewa, don ka ga ciki da waje lokaci ɗaya: zaki a sama yana leƙe, inuwarsa a ƙasa tana harararsa. Wanda ya saba da hoton kyamara zai ce ai ba a ganin rijiya haka. Gaskiya ne. Amma labarin gaba ɗaya a kan abin da zaki ya gani ne da abin da ke akwai, mai zanen kuwa ya ba ka duka biyun a shafi ɗaya. A kwafin Oksfod akwai wani zomon kuma, wanda ya kai sarkin giwaye bakin tafki ya nuna masa wata a cikin ruwa ya ce ga sarkinmu nan yana fushi. Ƙatuwar giwa ta cika shafi, ɗan zomo kamar ka rufe shi da babban yatsa, amma da ka duba ka san wa ke jan wani.

Game da kayan aiki, ba su yi nisa da abin da muka sani ba. Takarda ce da aka goge ta yi santsi, da alƙalamin kara, da launuka da aka niƙa daga duwatsu da ƙasa da itatuwa aka dama da ƙaro, ƙaron nan dai da almajiri ke sa wa tawadarsa don ta kama allo. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ake samunsa, lazuwardi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan a ƙasar Afganistan ta yau. Zinariya kuwa bugunta ake yi ta zama fallen da numfashi ke iya ɗagawa. Mai kwafa yakan fara rubutu ya bar gurbi, sa'an nan mai zane ya zo ya cika. Shi ya sa ake samun littattafan da guraben suka zauna fayau har yau, ko kuɗi ne suka ƙare, ko mai aikin ne ya riga mu gidan gaskiya.

Da littafin ya koma Indiya ta hannun sarakunan Mugal, sai zanen ya sake kama. A kwafin Anwari Suhaili, watau wata fassarar Farisanci ta littafin, wanda aka yi a 1570 zamanin Sarki Akbar, yanzu yana makarantar SOAS a Landan, daji ya cika shafi, birai na tsalle a rassa kamar ka ji kukansu. Yana da kyau ainun, ba na musu. Amma ni zuciyata na wajen dilolin nan biyu da farar takardarsu.

Na san akwai ɗan'uwa da tun ɗazu yake so ya tambaye ni hukuncin zana abu mai rai. Wannan fage ne na malamai, sun kuwa daɗe suna magana a kai. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne a biranen Musulmi aka yi waɗannan littattafai, kuma masu yin su ba su kai irin wannan zane cikin Alƙur'ani ko masallaci ba, sun tsai da shi a littattafan magani da taurari da labarai. Ko Muƙamar Hariri da malamanmu ke karantarwa a zaure tana da wani kwafi mai zane da Yahaya Alwasiɗi ya gama a 1237, shi ma yana Paris. Akwai kuma shaidar cewa ba kowa ne ya yarda da abin ba, don a littattafai da dama za ka tarar wani mai karatu na baya ya murje fuskar mutum da yatsa, ko ya ja layi a wuyansa. Mu a ƙasarmu hannun masu fasaha wata hanya ya bi: zayyanar allon sauka, adon da ke raba hizifi da hizifi a Alƙur'anin rubutun hannu, aska takwas a gaban riga, dagi a jikin soro. Wanda ya ga zayyana mai kyau ba zai ce ba mu da ido ba. Sai dai dabbobin tatsuniyarmu a baki suka zauna, ba su hau takarda ba sai bayan zuwan boko.

A Turai kuwa abin mamaki shi ne, da aka ƙago injin ɗab'i, littafin hikaya na cikin na farkon da aka sa wa hoto. A 1461, 'yan shekaru kaɗan bayan Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa, wani mai ɗab'i a garin Bamberg na Jamus, Albrecht Pfister, ya fito da wani tarin hikayoyi mai suna Der Edelstein da hotuna a ciki. Wajen 1476 aka buga hikayoyin Isof, mutumin nan na tsohuwar Girka, a garin Ulm, da hotuna wajen 200. Yadda ake yi shi ne a zana hoto a jikin allon katako, a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a bar layukan a tsaye, a shafa tawada a danna a takarda kamar hatimi. Wuƙa ba ta san rarrashi ba, don haka layukan kauri gare su, dabbobin kuwa wani lokaci sai ka yi dariya, zakin kamar karen da ya sha duka. Duk da haka akwai ƙarfi a cikinsu. Waɗannan hotuna na Ulm aka yi ta kwaikwaya gari gari, har suka isa Ingila cikin bugun William Caxton na 1484, kowane mai kwaikwayo yana rage wani abu, kamar dai labarin da ya bi ta bakin mutum goma.

Sai Bafaranshen nan La Fontaine, wanda ya fara fito da hikayoyinsa cikin waƙa a 1668. A kashi na biyu, na 1678, da bakinsa ya ce yawancinsu ya same su ne daga masanin Indiya Pilpay, wanda ba kowa ba ne illa Baidaba namu na ɗazu. Kunkurun nan ma yana ciki, sai dai a wurinsa ba fari ne ya kore shi ba, son yawon duniya ne, har agwagin suka yi masa alkawarin kai shi Amurka. Bugun hikayoyinsa da ya fi shahara shi ne na 1755 zuwa 1759, manyan littattafai huɗu, da hotuna fiye da 270 da aka karta a farantan tagulla daga zanen Jean-Baptiste Oudry, mai zanen farautar Sarki Luwi na 15. Wannan mutum ya san dabba, ya san yadda tsokar kare ke motsi. Amma sau da yawa lambu da gine-gine sukan cinye shafin, sai ka nemi masu labarin a can wani lungu. A 1838 Grandville ya bi ta ɗaya gefen, ya sa wa dabbobi da yawa kwat da hula da takalmi. Mutane sun so shi, ni kuwa ina ganin ya yaye suturar da na ambata ɗazu. Da ka ga kyarkeci da hular attajiri, an gama yi maka tunani.

Duk wannan yawo da na yi, tambaya ɗaya ce ke bina: yaya fuskar Gizo take? Mun tashi muna jin labarinsa a bakin kakanninmu bayan sallar lisha, mun san tsamin bakinsa, mun san matarsa Ƙoƙi, mun san haɗamarsa. Amma ka tambayi mutum goma a ajinmu su kwatanta shi, wani zai ce gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, wani zai ce wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai ƙaton ciki, wani zai ce shi bai taɓa tunanin abin ba. Yana noma, yana auren 'yar sarki, yana hawan raƙumi, sa'an nan in ya yi ɓarna ya haye rufin ɗaki ya ɓuya. A duhun tsakar gida wannan ba matsala ba ce, kowane yaro da nasa Gizon, har ma ina ganin wata ni'ima ce da yaron da aka ba hoto ya rasa. Frank Edgar ya tara ɗaruruwan tatsuniyoyi cikin littattafai uku daga 1911 zuwa 1913, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da nasa jerin na makarantu cikin shekarun 1970, kalmomin dai an adana su, Allah ya saka musu. Amma tsakar gidan nan tana ƙarewa. Ƙannena a waya suke kallon dabbobi masu magana, kuma 'yan littattafan yara da nake gani a kasuwa yanzu, da yawansu hotunan daga intanet aka kwaso su, sai ka ga an rubuta kura an sa hoton kyarkecin ƙasar ƙanƙara, an rubuta ɓaure an sa itacen tufa. In ba mu ba Gizo fuska ba, wani zai ba shi, kuma ba lalle ne mu gane shi ba.

Ga mu da ɗalibai masu koyon zane a jami'o'inmu, ga mu da masu zayyana a kowace unguwa da suka san yadda ake cika fili da ja da rawaya da baƙi ba tare da ido ya gaji ba. Ban ga abin da zai hana wannan ƙungiya tamu ta zaɓi tatsuniya goma, ta zauna da su, mu mu kawo labari da sharhi, su su kawo hannu ba. Gardamar da za a yi ma kaɗai ta isa darasi: ƙafa nawa za a ba Gizo, za a sa masa hula ko a'a, wane wuri cikin labari za a tsayar.

In da ni za a tambaya, da tatsuniyar Gizo da hankaki zan fara, wadda suka ara masa gashi ɗaya ɗaya ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, ya yi ta hana su da cewa shi ya riga ganin kowane nunanne. Ba zan so a zana shi yana tashi sama cikin gashin aro ba, ba kuma lokacin da ya faɗa ruwa ba. A zana shi a kan reshe, ruwa ta ko'ina, hankaki sun jeru kowa ya karɓe gashinsa sun juya baya, saura guda ɗaya da ta miƙo baki za ta zare na ƙarshe, shi kuwa kumatunsa cike da ɓaure, hannunsa na kan wani.